Jaki da Taiki a Garejin Hausari

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da mallakar tsohuwar mota, kamar yadda ya jarrabi akasarinmu malaman jami'a, ya san cewa ciwon mota iri biyu ne. Akwai ciwo mai baki, wanda yake faɗin kansa da kansa: salansa ta fashe kowa ya ji, lagireto ya tsiyaye kowa ya gani, taya ta yi faci ko yaro ƙarami ya nuna maka. Irin wannan ciwo, kome tsadar maganinsa, yana da mutunci, domin kuwa ba ya sa mutum ya yi zargin hankalinsa. Sa'an nan akwai ciwo bebe, watau ciwon wuta. Shi wannan ba ya wari, ba ya ɗiga, ba ya barin sawu. Mota za ta tashi da asuba lafiya lau, ta ƙi tashi da azahar, ta sāke tashi da la'asar da zarar an kira makanike ya iso, kai ka ce ta san shi ne take jin kunyarsa. Mai ita ya tsaya yana rantsuwa cewa ɗazu-ɗazu ta ƙi, jama'a suna dubansa kamar wanda ya zo da labarin ƙanzon kurege. Ba mamaki da mutanenmu kan ce irin wannan mota ta yi gamo.

A nan Yerwa, idan mota ta kai wannan matsayi, ɗaya daga cikin wuraren da akan nufa da ita shi ne lungunan Hausari. Sunan unguwar kansa aron Barebari ne, domin su ne kan liƙa wa suna ɗafin "ri" su nuna mazauni, kamar yadda suka ce Shehuri ga unguwar Shehu. Tun bayan da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa cikin 1907, Hausawa fatake da almajirai da mahajjata masu bin hanyar gabas a ƙasa suka mai da wannan yanki zangonsu. Wasu sun wuce Makka, wasu guzuri ya ƙare musu a nan, suka kama sana'a, suka hayayyafa. Unguwar da ta fara da saukar matafiya ba abin mamaki ba ne ta zama unguwar gyaran abin hawa. Kakanni sun ɗinka mangala sun gyara sirdi, jikoki kuwa ga su nan riƙe da filaya da sukundireba, suna tsugune a gaban mota. Cikinsu akwai bakanike mai kula da injin, akwai mai walda, akwai fanalbita, sa'an nan akwai wanda ya fi su ƙarancin baƙin mai a riga, ya kuma fi su yawan shiru, wanda ake kira mai wayarin ko kuwa riwaya. A kan sana'ar wannan mutum muke son mu ɗan tsaya.

Abu na farko da mai wayarin ya sani, wanda mu masu motocin ba kasafai muke kula da shi ba, shi ne wutar lantarki ba ta fita gida sai ta tabbata akwai hanyar komowa. Batir yana da kawuna biyu. Wuta takan fita ta ɗaya, ta bi waya zuwa ƙwan fitila ko oda ko kik, ta yi aikinta, amma dole ne ta samu hanyar da za ta komo ɗaya kan. Idan hanyar komowa ta yanke, to, tun fitar ma ba za a yi ba. Da za a ja wa kowane ƙwai da kowace na'ura waya biyu-biyu, da mota ta cika da waya kamar saƙar gizo. Saboda haka masu ƙera mota suka yi dabara: suka ɗaure kan batir na biyu, mai alamar ragi, da jikin motar, suka mai da ƙarfen bodi da shasi gaba ɗaya ya zama babbar hanyar komowa. Kowace na'ura waya ɗaya ake kai mata, ɗaya ƙafar tata kuwa sai a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe mafi kusa. Wannan ɗauri shi masu sana'ar ke kira as, kalmar da suka aro daga Turancin Ingila mai nufin ƙasa, ko da yake babu ruwan abin da ƙasar da muke takawa, tun da mota a kan roba take tsaye.

Injin ma a kan roba yake zaune, don kada girgizarsa ta addabi na ciki. Roba kuwa ba ta ba wuta hanya. Shi ya sa ake ɗaura wata waya mai kauri, wani lokaci kitsattsiya kamar tukkun yarinya, daga jikin injin zuwa shasi ko zuwa kan batir kai tsaye. Tsawonta bai fi kamu ɗaya ko biyu ba, tana can ƙasa cikin ƙura da mai inda ido ba ya kai wa, kuma a iya saninmu babu mai sayen mota da ya taɓa tambayar dillali lafiyarta. Amma duk wutar da kik yake sha, da duk cajin da altaneta take mayar wa batir, ta wannan 'yar igiya suke bi.

Abin bai fara haka ba. Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙago batir na darma da ruwan asid cikin 1859, tun ba a san mota ba, kuma har yau jikokin wannan batir ne muke ɗorawa a motocinmu: ɗakuna 6 a jere, kowanne yana ba da bolt 2.1, jimla bolt 12.6 idan ya cika. Motocin farko da hannu ake wana su, har sai da Charles Kettering ya sanya kik mai aiki da batir a motar Cadillac ta 1912 a Amurka. Turawan Ingila kuwa, da yake ba su cika son bin sawun kowa ba, sun daɗe suna ɗaure kan batir mai alamar ƙari da jikin mota, akasin abin da ake yi yanzu, ba su sauya ba sai wajen tsakiyar shekarun 1960. Tsofaffin masu wayarin da suka koyi aiki a kan Austin da Morris da Land Rover na wancan zamani sun sha ba da labarin yaran da suka juya kan batir bisa al'ada suka ƙone rediyon mai gida. Zuwan Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, shi ya daidaita hannun makanikan Arewa a kan tsari guda. Mai 504 idan batirinsa ya mutu sai ya tara yara a yi masa turi, ya saki kuloci a giya ta biyu, ya kama gabansa.

Yanzu bari mu gwada ɗan lissafi, mai karatu ya yi mana haƙuri, mun san adabi muka karanta. Abin da ya fi ruɗa mai mota shi ne ya ga fitilun gaba suna haske tar, rediyo yana magana, amma ya murɗa makulli ya ji ƙyas, shi ke nan. Sai ya ce lalle akwai wuta, kik ne ya mutu. Wani kuma ya ga fitilun sun dushe lokacin murɗawa, ya ce lalle batir ne. Bajamushe Georg Ohm ya warware wannan tun 1827. Ya nuna cewa ƙarfin da ake asara a kan hanya daidai yake da yawan wutar da ke wucewa idan an ninka shi da ƙuncin hanyar. Fitilun gaba biyu ba su sha fiye da amfiya 10 ba. Kik kuwa, a lokacin da yake juya injin mai sanyi, yakan zuƙi amfiya 150 ko fiye. A ce tsatsa ta shiga tsakanin waya da ƙarfe ta kawo ƙunci ɗan kaɗan, om 0.02 kacal. Ga fitila, asarar ba ta wuce bolt 0.2 ba, ido ba zai ma lura ba. Ga kik, asarar bolt 3 ce cur daga cikin 12, ban da abin da batirin kansa ke sunkuyawa saboda nauyi. Ƙofar da mutum ɗaya zai wuce ta yana waiwaye, ita ce jama'ar sallar Idi za su maƙale a cikinta. Waɗannan bolt 3 kuma ba ɓacewa suke yi ba, zafi suke zama, kimanin wat 450, kusan rabin zafin dutsen guga, duk a kan noti guda. Shi ya sa za ka ga mai wayarin ya ce a murɗa makulli, sa'an nan ya bi waya yana shafawa da bayan yatsa kamar uwa tana duba zazzaɓin ɗanta. Inda ya ji ɗumi, nan ɓarawon yake.

A garinmu abubuwa uku ne suka haɗu suka yi wa wayar mota taron dangi. Na ɗaya zafi. A watan Afrilu ma'auni kan haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin darmar ciki, yana busar da robar da ta lulluɓe waya har ta tsattsage. Batirin da zai yi shekara biyar a ƙasar sanyi, a nan idan ya ga damina uku sai a yi masa barka. Na biyu asalin motocin. Yawancin abin da muke hawa 'yan Kwatano ne, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a titunan Turai da Amurka, inda ake barbaɗa gishiri don narkar da ƙanƙara. Sun iso mana da fenti mai sheƙi a sama, gishirin kuwa ya riga ya yi gida a gindin kowane noti. Na uku shi ne wanda babu wanda ya yi masa shiri.

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliyar da ba a ga irinta ba tun ta 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday wadda ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba, ya mamaye Gwange, ya shiga Asibitin Koyarwa da gidan namun daji. An yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu, dubban ɗaruruwan mutane sun bar gidajensu, kuma a gaban wannan musiba maganar mota abin kunya ce a ɗaga ta. Ba mu ɗaga ta ba a lokacin. Amma bayan ruwa ya janye, aka binne na binnewa, aka kwashe laka daga ɗakuna, sai mutane suka waiwayi motocinsu. Aka juye mai, aka wanke tanki, aka shanya kujeru a rana, akasarinsu suka tashi, masu su suka yi hamdala. Abin da ba a sani ba shi ne ruwan laka ya riga ya shiga cikin robar waya, ya bi zaren tagulla yana hawa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya kwanta a cikin mahaɗan da ke ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Tsatsa ba ta gaggawa. Ta ɗauki watanninta.

Tamu motar ruwa ya kai mata har bakin kujeru, ta kwana huɗu a ciki. Ta yi mana hunturu lafiya. Da bazarar 2025 ta kama, sai ta fara nuna hali. Idan muka kunna fitilun gaba, allurar zafin injin sai ta ɗaga kai kamar an tsokane ta, mu kashe fitila ta koma. Idan muka ba da sigina muka taka birki, wanda ke bayanmu sai ya ga fitilun baya duka suna ƙyaftawa tare, har wani mai Keke Napep ya taɓa shan gabanmu a shataletalen Post Office ya tambaye mu ko biki muke zuwa. Idan ta kwana biyu ba a tashe ta ba, sai batir ya wayi gari a sanyaye. Mafi muni kuwa shi ne ƙin tashi ba tare da sanarwa ba. Akwai daren da zazzaɓi ya rufe autanmu har ya fara sanƙarewa, muka ɗauko shi a kafaɗa, muka murɗa makulli, mota ta ce ƙyas. Garin da aka hana acaɓa tun 2011, da tsakar dare, ba wurin da mutum zai tsaya bakin titi ya jira abin hawa ba ne. Maƙwabta ne suka fito da kayan barci suka yi mana turi cikin yashi. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma tun daga wannan dare duk lokacin da muka kama makulli sai gabanmu ya faɗi.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Mai sayar da batir ya duba ya ce batir ne. Mai sayar da kayan gyara ya saurara ya ce kik ne, yana kuma da na Beljiyam mai kyau. Wani matashi ya jona na'urarsa ya karanto mana jerin lambobi, ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta sha ruwa, sai an yi odar wata daga Kano. Wata gwaggonmu ta ce a yi mata turare. Kowa ya ga ciwon a daidai inda hajarsa take, kuma in gaskiya za a bi, shawarar gwaggo ce kaɗai ba ta da riba a ciki. Idan aka tara kuɗin ukun farko, albashin wata bai isa ba, a zamanin da aka janye tallafin mai tun Mayun 2023, malami yana auna kowace tafiya da lita. Wannan ne ya sa wani direban sashenmu ya yi mana kwatancen wani dattijo a Hausari.

Ba shi da allo, ba shi da rumfa ta kirki, sai inuwar dalbejiya da akwatin ƙarfe da benci. Kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa motar ba sai da ya gama da mu. Yaushe ta fara? Da zafi ta fi yi ko da sanyi? Idan ta ƙi, fitilar cikin ɗaki tana dushewa ko tana nan yadda take? Ruwa ya taɓa ta? Har ina ya kai? Mu da muka saba zaunar da ɗalibi mu tambaye shi hujjarsa daga cikin matani, sai ga mu a kan benci ana yi mana irin tamu. Da muka kawo maganar allura mai ɗagawa idan an kunna fitila, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, Malam. Wannan ka faɗa wa mai batir?" Muka ce mun faɗa. Ya ce, "To, bai ji ba ne."

Ya sa yaronsa, wani saurayi mai takardar difloma, ya ɗora mita a kan batir: bolt 12.5. Ya ce batir ba shi da laifi tukuna. Ya kama kawunan ya murɗa da hannu, ba su motsa ba. Sa'an nan ya ɗauko wayar jan wuta guda ɗaya, irin mai baki kamar na kada, ya maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗaya bakin a jikin ƙarfen injin. Ya ce, "Murɗa." Kafin mu saki makulli mota ta ɗauka, da wani irin kuzari da muka manta tana da shi. Ya cire wayar, muka kashe, muka sāke murɗawa: ƙyas. Ya mayar, ta tashi. Sau uku ya yi haka, ba don kansa ba, don mu. Duk binciken bai kai minti biyar ba, kuma babu abin da aka kwance. Ya ba wutar wata hanyar komowa ne kawai, ta nuna masa da bakinta cewa tsohuwar hanyar ce ta toshe. Yaron, don ya tabbatar a ƙididdige, ya sa tsinken mita ɗaya a kan batir ɗaya a jikin injin, aka murɗa, mita ta nuna kusan bolt 3, alhali lafiyayyar hanya ba ta kamata ta ci ko rabin bolt ba.

Muka ce, "Baba, ashe batirin da kik ɗin duk lafiyarsu ƙalau?" Ya ce, "An bar jaki ne ana dukan taiki. Da ka sa sabon batir, da ta yi maka sati biyu tana tashi, don sabo yana da ƙarfin tura ƙofa. Ranar da ya gaji, ka koma ka ce an sayar maka da jabu."

Da aka kwanto wayar as ɗin, daga waje ba ta da aibu. Sai da ya tsaga robar da reza muka ga abin da ruwan Alau ya bari: zaren tagulla ya koma kore, yana marmashewa kamar busasshiyar kuka, abin da ya rage a haɗe bai fi sili biyar ko shida ba. Ya bayyana mana cewa idan wannan hanya ta ƙuntata, wuta ba ta haƙura, sai ta nemi ɓarauniyar hanya: ta bi wayar totur, ta bi ƙananan wayoyin na'urorin aune-aune, shi ya sa allura take faɗin ƙarya, shi ya sa kuma na'urar matashin nan ta ga laifi a ko'ina. A tsofaffin motoci, in ji shi, ya sha ganin wayar totur ta yi zafi har ta narke robarta. Ya kankare mazaunin notin da samfefa sai da ƙarfe ya yi fari, ya ɗaura sabuwar waya, ya ƙara wata daga batir zuwa bodi, sa'an nan ya shafe su da giris bayan ya ɗaure, ba kafin ya ɗaure ba. Farin garin da ya taru a gindin batir kuwa da ruwan kanwa ya wanke shi, yana ta kumfa. Kanwar da fatake suka yi ƙarnuka suna ɗaukowa daga yankin Tafkin Chadi, ashe har asid ɗin Bafaranshe tana kashe wa kaifi.

Fitilun baya labarinsu ɗaya ne a taƙaice: as ɗinsu ya yi tsatsa, wutar sigina ta rasa ta inda za ta koma, sai ta bi ta cikin ƙwan birki. Noti ɗaya aka goge. Maganar batir mai sanyaya da daddare ita ta ɗan ja lokaci. Ya kashe komai, ya cire kan batir mai ragi, ya sa ɗan ƙwan gwaji tsakanin kan da wayarsa. Ƙwai ya kama, alamar akwai mai shan wuta a ɓoye. Yaron ya shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan wanda da aka zare shi ƙwan ya mutu, watau layin fitilun ciki. Baba ya ce but ne. Yaron ya kunna bidiyon wayarsa, ya ajiye ta a cikin but, ya rufe, ya buɗe, sai ga shi fitilar ba ta mutuwa ko an rufe, domin makunninta ya ci tsatsa. Ƙwai ne mai wat 5, ba ya shan ko rabin amfiya, amma cikin kwana biyu ya isa ya kwashe sulusin batir mai amfiya-awa 60. Baba ya yi dariya ya ce a zamaninsu ƙaramin yaron gareji ake sakawa a rufe, ya leƙo ya ba da labari, kuma shi kansa an sha saka shi.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da ake yi a bakin titi daidai ne. Akwai al'adun da suka dace da 504 amma suke kisa a motar yau. Har yanzu akwai mai cire kan batir injin yana aiki wai don ya gwada altaneta. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wannan gwaji kan iya aika mata da wutar da za ta ƙone ta nan take, alhali mita za ta ba da amsa cikin lumana, bolt 14 ko kusa da haka idan caji yana tafiya. Akwai mai buga ƙusa tsakanin kan batir da maɗaurinsa idan ya yi sako-sako. Akwai mai gwada batir da sifana ya ga tartsatsi, a bakin abin da ke fitar da iska mai kamawa da wuta. Mafi haɗari shi ne wanda fis zai ƙone, maimakon ya tambayi abin da ya ƙone shi, sai ya naɗa masa zaren waya ko takardar sigari. Fis mai gadi ne da aka ajiye don ya mutu a madadin gida. Wanda ya hana shi mutuwa ya zaɓi gidan ya ƙone, kuma motocin da mukan gani sun babbake a gefen hanya ba duka ne hatsari ya ci su ba. Ga kuma kasuwa da ta cika da waya mai fuskar tagulla da cikin sanholo, wadda ba ta ɗaukar ko kashi biyu cikin uku na abin da tagulla mai kaurinta ke ɗauka. Baba kafin ya karɓi waya sai ya kankare bakinta ya ga ko ja ne har ciki. Haka kuma duk lokacin da zai cire batir, kan ragi yake fara cirewa, shi yake mayarwa a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa bodi ta yi walda da hannunsa.

Mutanen Yerwa dai sun san batir fiye da yadda suka so. Tun da aka tarwatsa turakun babban layin wuta na hanyar Damaturu a Janairun 2021, gari ya shafe watanni masu yawa cikin duhu, kafin a zo a buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023. A wannan tsakani batirin mota ya shiga ɗaka, ya kunna fanka, ya yi cajin waya, da yawa kuma suka mutu da wuri, domin an gina shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, ba a tatse shi dare guda ba. Masu wayarin da dama sun koma haɗa sola a lokacin, wasu ba su dawo ba.

Mu da harshe ne abincinmu, abin da ya fi tsaya mana a rai a zaman benci shi ne yadda kalma ɗaya take ɗauke da kaya. Wuta ce ke cikin batir, wuta ce fitila, wuta ce tartsatsin fulogi, wuta ce kuma gobarar da ake tsoro. Bakanike ya ce mota "ba ta kawo wuta", mai wayarin ya ce "tana satar wuta", direba ya ce "ta ɗauke wuta", kuma babu wanda ya ruɗe a cikinsu. Suna cewa batir ya sha, ya sanyaya, ya kwana, ya mutu, a tashe shi. Suna da layi, da jijiya, da kai, da uwa. Kowace shekara ɗalibanmu suna kawo mana kundaye a kan karin magana da waƙoƙin biki, muna kuma maraba da su, amma daga harabar jami'a zuwa Hausari kuɗin Keke ne kawai, ga Hausa tana ƙera kalmomin kimiyya da kanta a gindin dalbejiya, tana cuɗanya da Barbarci da Larabcin Shuwa da Turancin kasuwa, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Tun ƙamusun Bargery na 1934 ake bin Hausawa da alƙalami ana rubuta abin da suke faɗa a wurin sana'arsu. Masu irin ilimin Baba ba su da yawa, kuma yaronsa ya riga ya fi son kalmomin da na'ura ke rubuto masa.

Abin da muka biya, har da kuɗin waya, bai kai na man kwana uku ba. Da muka ƙara masa wani abu a kai, ya karɓa ya miƙa wa yaron. Sai dai bai sallame mu da albishir ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gefen direba ya nuna mana wani dunƙulen mahaɗan wayoyi, bakinsu ya fara yin shuɗi-shuɗi. Ya fesa musu magani, ya busar, ya mayar. Ya ce duk motar da ta kwana a ruwan nan akwai irin waɗannan a cikinta guda goma ko fiye, kowanne da ranarsa, kuma shi bai san wanda zai riga wani ba. Ya ce mu kawo ta kafin ruwan farko ya sauka, a ɗaga kujerun baya a duba na can.